Ranar da Baffa Ya Ƙi Sallamar Masu Rakiya

Ban taɓa ganin zaman makokin da aka sha dariya irin na Baffa ba. Kwana uku muka yi a kan tabarmi a ƙofar gidansa, kuma duk wanda ya zo sai ya fara da abin da aka saba, ya durƙusa ya ce ya haƙuri, Allah ya jiƙansa, Allah ya sa ya huta, a shafa fatiha. Daga nan sai ya sunkuyar da kai yana kallon ƙasa, ka ga kafaɗarsa ta fara rawa, ka rasa kuka yake ko dariya. Sau da yawa duka biyun ne. Liman ya yi gyaran murya ya fi a ƙirga a ranar farko, yana tuna mana cewa a gidan mutuwa muke. Kafin la'asar shi ma sai da ya rufe baki da hannun riga, don wani ya tuna masa ranar da ya taka har Kabo da silifas ɗin alwala.

A rana ta biyu 'yan acaɓan Gwarzo suka zo. Tun daga bakin titi suka kashe mashinansu, suka turo su da hannu har ƙofar gida gumi na zuba. Babbansu ya ce ba za su iya shigowa unguwar tsohon nan a kan mashin ba, ko yana raye ko ba ya raye. Mutanen Getso sun zo, na Mainika sun zo, wasu tsofaffin mata daga Kabo suka shige cikin gida wurin Inna, matar Baffa, muna jiyo su suna kuka suna ba da labari. Ita kuwa Inna, wadda ta yi shekara hamsin da ɗoriya tana jiran mijinta ya dawo daga gaisuwa tuwo na hucewa, abin da ta ce wa ƙanwata shi ne, yau dai ya yi tafiyar da bai tsaya gaisawa da kowa a hanya ba.

Ni malamin firamare ne, ban saba rubuta abin da ya wuce darasi da takardar neman izini ba. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, na lura masu tasowa suna ganin tattakin da ake yi duk shekara bayan kaka, daga ƙauyenmu na gefen Gwarzo zuwa Kabo, don taimakon masu sankarar jini, suna zaton wata ƙungiya ce ta kawo shi daga birni da mota da lasifika. Ina so a san yadda aka fara, da wanda ya fara, da kuma mai taurin kan da aka fara dominsa, wato ni.

Baffa ƙanin mahaifina ne. Da mahaifinmu ya rasu ina aji huɗu, shi ya kwashe mu ni da ƙanwata ya haɗa da nasa 'ya'yan, kuma ban taɓa ganin ya raba mana kwano ba. Sana'arsa noma da sayar da iri. Yana da tulunan da yake adana irin gero da dawa da wake, ya cuɗa su da toka don kada ƙwari su ci, ya liƙe bakin da laka. Duk kasuwar da ke ci a yankinmu ya san inuwar da yake shimfiɗa buhunsa. Idan matar da mijinta ya rasu ta aiko sayen iri, sai ya ce wannan wani sabon iri ne da yake gwadawa, a kai mata ta shuka ta gaya masa yadda ya yi. Shekara da shekaru yana gwada irin nan, har ya koma ga Allah bai gama gwajin ba.

Abu biyu aka san shi da su, gaisuwa da tafiyar ƙasa. Idan Baffa ya kama hannunka, ka manta da abin da ya fito da kai. Zai tambayi kwananka da gajiyarka da iyalinka, ya tambayi mahaifiyarka da ciwon gwiwarta, ya tambayi akuyar da ta haihu bara ko 'ya'yan sun rayu, ya tambayi katangar da ruwa ya ci ko an tayar. Kuma ba tambayar baka ba ce, yana riƙe da amsar da ka ba shi wancan karon, in ka canza zance ya kama ka. Mashin kuwa sun raba gari tun ranar da ya hau acaɓa zuwa ɗaurin aure a Getso, taya ta kama bakin babbar rigarsa, ya isa wurin da rabin riga. Tun daga ranar ya ce shi da abin da ke shan fetur sai dai kallo. Duk wanda ya tarar da shi a hanya ya sauka ya ce Baffa hau in kai ka, amsa ɗaya ce, ƙafarsa ba ta taɓa yaga masa riga ba. Ya kan ce zumunci a ƙafa yake, kuma shi bai ga inda aka ce a taya yake ba.

Shekara bakwai ke nan da na fara jin jikina ba daidai ba. Kasala, zazzaɓi mai tafiya ya dawo, dasashi na zubar da jini in na yi aswaki. Aka yi maganin zazzaɓin sauro, aka yi na taifot, aka sha rubutu, aka yi hayaƙi, duk shiru. Ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce a Kabo, kuma tun tana ƙarama ba ta da haƙurin kallon abu yana lalacewa. Ita ta tisa ni gaba har Kano aka ɗebi jini. Likita ya ce sankarar jini ce, amma irin wadda ake iya cin ƙarfinta in an bi magani zagaye bayan zagaye ba a yanke ba. Ya maimaita wannan ba a yanke ba ɗin har sau uku yana kallon idona.

Na yi zagaye biyu. Gashin kaina ya zube, na rame har hulata ta fara faɗowa kan kunne. Mashin ɗina ya tafi, keken ɗinkin matata ya bi shi, awaki suka bi keken. Abin da ya rage shi ne gonar da mahaifinmu ya bari, kuma na rantse ba za a taɓa ta ba, don in na mutu ita ce abincin 'ya'yana. Sai na dawo gida na shimfiɗa tabarma a ɗaki na ce na gama. Likita ya aiko ta bakin ƙanwata cewa in wata ya ƙare ban koma ba, duk wahalar da aka sha a baya ta tashi a banza. Na ce ta gaya masa na gode, Allah ya saka da alheri.

A nan ne ƙanwata ta zo da shawararta. Ta ce ta ga abokan aikinta a birni suna yin wani abu, a taru a sa riguna iri ɗaya a yi tattaki daga wuri zuwa wuri, ana raha ana wayar wa mutane kai a kan ciwo, mai niyya ya ba da abin da ya samu, mai lafiya ya ba da jini. Har ta sa an buga jajayen riguna masu rubutu. Na ce mata ba za a zagaya da ni a titi kamar cigiyar akuya ba. Ni da nake tsayawa gaban allo iyayen yara na ce mini Malam, a ce yau an fito da ni ana nuna wa duniya ban iya riƙe kaina ba? Na gwammace kabari da wannan. Da gaske nake, kuma har yau in na tuna ina jin kunyar kaina.

Da ta kai wa Baffa maganar, shi ma da farko bai gane ba. Ya tambaye ta, in an isa Kabo wa za a gaisar? Ta ce ba kowa. Ya ce to me za a sayo? Ta ce ba komai. Ya ce ashe a birni har lafiyayyu sun fara yawon da ba inda za su, Allah ya kyauta. Amma ya ci gaba da yi mata tambayoyi irin nasa, har ya fahimci abu biyu, cewa magani yana nan, kuma ni ne na ƙi komawa. Sai ya ɗauki sandarsa ya nufo gidana.

Wannan ita ce rigima ɗaya tak da na taɓa yi da shi. Ya zauna a bakin tabarmata ya ce ya ji na ƙi a taimake ni. Na ce ba taimako na ƙi ba, tozarci na ƙi. Ya ce girman kai rawanin tsiya ne, kuma shi bai taɓa ganin gawar da aka yaba wa don ta mutu ba ta roƙi kowa ba. Ciwo da haushi suka taru suka hau mini kai, na faɗi abin da bai kamata ya fito daga bakin ɗan halak ba.

"Baffa, ka bar ni in mutu da mutuncina. Da mahaifina yana raye ba zai kai ni titi ba. Ai ba kai ka haife ni ba."

Ya dafa sanda ya miƙe, ya sa takalmansa ya fita, bai ko yi wa matata sallama ba, shi da ba ya wuce kaza bai tambayi lafiyarta ba. Kwana tara bai tako gidana ba. Na sha allurai masu zafi a asibiti, amma ban ji abin da ya ci ni kamar kwana taran nan ba, kuma duk da haka taurin kai ya hana ni aika masa da ban haƙuri.

Ƙanwata dai ba ta fasa ba. Ta sa ranar tattaki ranar da kasuwa ke ci, wai da shawarar Baffa, ni ban sani ba. Da safiyar ranar, abin da ta samu a bakin titi shi ne ita da abokan aikinta huɗu da ƙyalle mai rubutu. Mutanen gari suna zaune a inuwa suna kallon su, wani na cewa ko 'yan ƙwallo ne, wani na cewa siyasa ce ta zo da wuri.

Ina kwance hantsi bai gama ɗagawa ba sai na ji sallamar Baffa a zaure. Ya shigo da fara'arsa kamar ba abin da ya taɓa faruwa. Ya gaishe ni, ya gaida matata, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya sha kokon da aka kawo masa har ya yaba tsaminsa. Ina ta neman inda zan sa bakin ban haƙuri, bai bar mini ƙofa ba. Can ya ce to shi zai wuce.

Kowa ya san al'adarmu. Babba ya zo gidanka ya tashi tafiya, sai ka taka masa. Kuma ba kai ke cewa rakiya ta isa ba, shi zai juyo ya ce maka isa haka, koma. Kafin ya faɗi haka, ko ƙaya ka taka sai dai ka ci gaba. Na lallaɓa na miƙe na bi shi zuwa zaure, ina jiran ya sallame ni. Bai sallame ni ba, yana ba ni labarin wani irin wake. Muka fita ƙofar gida. Muka wuce masallaci. Muka wuce rijiya. Gwiwoyina suna karkarwa, shi kuwa ya kai ga yadda waken ke yi in ruwa ya ɗauke da wuri. Sai ga mu a bakin titi, ga ƙanwata da jajayen rigunanta, ga kuma amalanke da shanu biyu, an shimfiɗa katifa a ciki, an sa matashi, an ɗaura laima.

Baffa ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Na ga ƙafarka na rawa. Hau ka ƙarasa rakiyar a zaune."

A nan na gane an yi mini tarko, kuma tarkon ba shi da ƙofar fita. Rabin gari na kallo. In na juya na bar tsohon da ya rene ni a tsaye bai sallame ni ba, abin kunyar da za a daɗe ana faɗa ya fi na hawa amalanke. Na hau. Ƙanwata ta ɗaura mini takunkumi a hanci tana danne dariya, ta miƙa wa Baffa jar riga. Ya juya ta gaba da baya, ya ce shi ya wuce shekarun sa kayan yara, ya rataya ta a ƙahon ɗaya daga cikin shanun. Ya gyara hula ya kama hanyar Kabo, amalanke na biye da shi, mata biyar na biye da amalanke.

Ba mu yi nisa ba wani ɗan acaɓa ya taho da gudu. Ganin Baffa a ƙasa ya taka birki ya sauka, kamar yadda kowa ke yi, ya kama turin mashin yana gaishe shi. Baffa ya riƙe shi da gaisuwa, ya tambayi uwarsa, ya tambayi matarsa mai ciki, ya nuna masa ni ya ce ka ga malamin ƙannenka, jininsa ne ya samu matsala, za mu kai shi ya hau mota. Mutumin ya yi mini sannu, ya ci gaba da turi yana jiran a ce masa koma. Ba a ce ba. Kafin ya farga wani mai keke ya sauka, Baffa ya koma kansa. Na farkon yana nan yana turi, don ba a sallame shi ba, kuma ba zai tayar da mashin ya bar tsoho da hayaƙi ba.

Haka aka yi ta yi. Duk wanda ya sauka ya shiga sahu. Masu kai kaya kasuwa, masu dawowa daga gona, wani mai tallan yadi da kayansa a ka. Liman ya fito daga alwala ya tsallako titi don ya tambayi Baffa wannan wace sabuwar al'ada ce aka kwaikwayo, Baffa ya ce shi bai san wata al'ada ba, mutane ne suka ga dama suke yi masa rakiya, ya kuwa jikin Hajiya? Liman ya fara amsawa, sai ga shi ya yi nisa da gari da silifas da buta a hannu. Wani ya yi ƙarfin hali ya ce Baffa a yi mini afuwa, na bar buhuna a kasuwa ba mai tsaro. Nan take kunnen Baffa ya toshe, ya ce me ka ce, kakarka ta warke? Jama'a suka fashe da dariya, shi ma mai buhun ya yi dariya ya ci gaba da tafiya.

Wanda ya fi ba ni tausayi wani Alhaji ne ɗan kasuwa da ya taho a mota mai sanyi. Baffa abokin mahaifinsa ne, ba halin ya wuce. Ya fito da shaddarsa da takalmi mai ƙyalli ya durƙusa, Baffa ya ɗago shi ya riƙe hannunsa gam, ya fara ba shi labarin yadda shi da mahaifinsa suka taɓa kwana a kan bishiya saboda kura. Labarin nan bai ƙare ba sai da takalmin Alhaji ya koma kalar ƙasa, direbansa na binmu a baya a hankali kamar mai koyon tuƙi.

Tun ana jin haushi har abin ya koma wasa. Waɗanda aka kama da wuri su ne suka fi murna in an kama sabo, suna yi masa barka da zuwa. Wani makaɗi da muka tarar zai je biki ya saɓa kalangunsa ya shiga gaba. Labari ya riga mu isa ƙauyukan da ke bakin hanya, muna zuwa mu tarar an fito da randar ruwa da ƙwaryar fura, mata na rangaɗa guɗa ta bayan danga. Ƙanwata da abokan aikinta suka samu abin da suke so, suna bi sahu-sahu suna bayani, cewa ciwon nan ba maita ba ne, ba a ɗaukarsa ta gaisawa, kuma wanda ya ba da jini ba ya ƙarewa, jiki na mayar da shi kamar yadda rijiya ke mayar da ruwa.

Kaka ce, rumbuna cike suke, sai mutane suka fara ba da abin da manomi ke da shi. Wannan ya ɗora damin gero a amalanke, wancan kwanon wake, wani ya cusa abin da ke aljihunsa a ƙarƙashin matashina ya wuce bai bari na ga fuskarsa ba. Aka ɗaura tunkiya a bayan amalanke. Wani ya ɗora mini kaza a cinya, ƙanwata ta zo da faɗa ta ɗauke, wai jikina ba shi da garkuwar zama da kaza, aka miƙa wa Alhaji ya riƙe.

Ni kuwa tun da muka taso na ja hula na rufe ido, ina ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Abin da ya sa na ɗago shi ne wata tsohuwa da ta tsayar da shanun da sandarta. Ta kwance bakin zanenta ta fito da ƙwan zabi uku ta sa a tafin hannuna. Ta ce ni na koya wa jikarta karatu, yanzu ita ke karanta mata takardar asibiti ba sai ta kai wa maƙwabta sun san sirrinta ba, ta daɗe tana neman hanyar da za ta gode mini ba ta samu ba sai yau. Na duba bayan amalanke a karo na farko. Mutane ne har inda idona ya kai, da mashina da kekuna ana turawa, kuma ban ga fuska ɗaya da ke kallona da raini ba. Na yi kuka a bainar jama'a, da takunkumi da laima da ƙwai uku a hannu, ban kuma damu da wanda ya gani ba.

Tafiyar ba wasa ba ce ga mutumin da ya haura saba'in. Mun huta a gindin tsamiya, mun huta a gindin kuka, mun yi azahar a wani fili Liman ya ja sahun da bai taɓa ja ba sai a idi. Na ga Baffa ya cire takalmi yana duba tafin ƙafarsa a ɓoye, ta yi bororo ta fashe. Aka yi ta roƙonsa ya hau amalanke ko motar Alhaji, ya ce amalanke ta marasa lafiya ce, mota kuma ta masu gaggawa, shi ba ya cikin ko ɗaya. Ya ce sannu ba ta hana zuwa, ya mayar da takalminsa.

Da la'asar sakaliya muka shiga Kabo. Mutanen gari suka fito suna tambaya ko wani babban malami ne ya zo. Baffa bai tsaya ko'ina ba sai tasha, inda ƙanwata ta riga ta kama mota zuwa Kano, matata na zaune a ciki da jakar kayana, ashe ita ma da bakinta a cikin shirin. Ya juya ya fuskanci jama'a, ya jira kalangu ya yi shiru, ya ɗaga hannu.

"To jama'a, rakiya ta isa haka. Ku koma, Allah ya ba da lada. Mai jini a jika kuma ya ga 'yar nan kafin ya tafi."

Aka yi wata irin shewa da dariya da ban taɓa jin irinta ba. 'Yan acaɓan nan da suka wuni suna turi, maimakon su tayar da mashin su gudu, su ne suka fara yin layi a gaban ƙanwata tana rubuta sunayensu. Aka sauko da ni daga amalanke. Na tsaya a gaban Baffa, ƙofar mota a buɗe, na durƙusa na ce ya yafe mini maganar da na faɗa masa. Ya kama kafaɗata ya ɗago ni.

"Ai gaskiya ka faɗa, ban haife ka ba. Da ni na haife ka da ba ka yi wannan taurin kan ba, na yayana ka ɗauko. Kowa na sallama ban da kai. Shiga mota."

Na shiga. Shi ya rufe ƙofar da hannunsa.

Ba zan ce sauran ya zo da sauƙi ba. Na yi watanni ina zuwa ina dawowa, akwai ranakun da ko ruwa ba ya zama a cikina. Amma ban sake yanke magani ba, gona kuma ba a taɓa ta ba. Duk lokacin da aka ce ana neman jini, kafin ƙanwata ta gama waya wani ya hau mashin ya nufi Kano. Har yau in na hau acaɓa a Gwarzo sai mai mashin ya ce in zauna da kyau, jininsa ne a jikina ba ya so ya zube. Ranar da likita ya ce ba su ga komai a jinina ba, sai dai a riƙa zuwa ana dubawa, na koma aji na ɗauki alli.

Da kaka ta zagayo, mutane da kansu suka tambayi Baffa yaushe za a sake. Akwai wata mata a Unguwar Tudu mai irin ciwon, bayanta aka samu wani magidanci a wajen Kabo. Aka sake, aka kuma sakewa. Yanzu ba sai an kama kowa da gaisuwa ba, amma duk da haka ana ajiye mashin a tura, don a ce an yi yadda aka fara. Bara ƙafafun Baffa suka ƙi, dole aka ɗora shi a amalanke, ya yi ta mita tun daga gida har Kabo, wai shanun ba su san darajar mutane ba, suna wuce jama'a ba a gaisa ba.

Jinyarsa ta ƙarshe ba ta yi tsawo ba. Kwana biyu kafin ya cika ya sa aka kira ni, babban ɗansa na zaune a gefe. Muryarsa ta yi ƙasa, sai da na kai kunne. Ya ce in lokaci ya yi ni yake so in shiga kabari in karɓe shi. Na ce Baffa ga yayana nan, shi ya fi cancanta. Ya ce ya riga ya gaya masa, kuma ya yarda. Ya ɗan matsa damtsena da 'yan yatsunsa kamar mai duba rago a kasuwa.

"Na sha wahala a kan ƙarfin nan," in ji shi. "Sai na more shi."

Ranar Talata da hantsi muka kai shi. Na tuɓe takalmi na naɗe hannun riga na sauka, ƙasar tana da sanyi a tafin ƙafata. Shekara bakwai da suka wuce duk wanda ke tsaye a wurin nan ya ɗauka shi ne zai tsaya a kaina yana zuba ƙasa. Aka miƙo shi, na tara hannu biyu na karɓa, nauyinsa duka ya sauka a kaina, kuma hannuna bai yi rawa ba. Na kwantar da shi a hankali ta gefen damansa, na juya fuskarsa alƙibla.

Allah ka ga tsohon nan, ka san ƙafafun da ya gajiyar saboda bayinka. Ka yalwata masa makwanci, ka haskaka shi, ka tarbe shi da sannu da zuwa.